Goggona da Ƙwarin Dogon Baki

A gida ana ce mata Uwar Ƙwari, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Goggona ta shekara talatin a ɗakin ajiyar ƙwari na wata cibiyar binciken noma, tana soke ƙwarin hatsi masu dogon baki da allura, tana jera su a akwatunan gilashi, kowane dangi da layinsa. Ba ta wuce sakandare ba, amma da ta ɗora madubi ta dubi baki da ƙafa za ta faɗa maka wa ya haɗa kaka da wa. Babana yakan ce ta fi sanin zumuncin ƙwari a kan namu.

Sai aka kawo sabon Dakta masanin ƙwari, mai ƙwazo, mai gaggawa. Ya auna wasu ƙwari da aka samo a rumbu, ya ga baki iri biyu, dogo da gajere, ya ce jinsi biyu ne, har ya raɗa wa ɗaya suna. Saura ya aika takardar a buga.

Goggo ta san ba haka ba ne. Ta kuma san wanda ya taɓa gyara wa wani babba zance, aka mayar da shi sito yana ƙirga buhu. Ta yi mako guda tana juya zancen a ranta. Ta ce mini tsoro take ji, amma ƙarya ba za ta fita daga ɗakinta da hatimi ba.

Ranar Litinin ta ajiye wa Dakta kwalba a tebur. Wata uku ke nan da ta zuba biyu daga ƙwarin rumbun nan a ciki da ɗan hatsi, kamar yadda ta saba yi wa duk baƙon ƙwaro. Yanzu sun cika kwalbar, dogon baki da gajere.

"Dakta, mata da miji ne. Bakin macen ya fi tsawo, da shi take huda ƙwaya ta sa ƙwai. Waɗannan duk 'ya'yansu ne."

Ya daɗe yana juya kwalbar. Goggo ta ce har ta fara tunanin sito. Can ya jawo takardar, ya soke sabon sunan ƙwaron, ya kai biro ƙarƙashin nasa sunan don ya ƙara nata.

"Inna, yaya ake rubuta cikakken sunanki?"

A shekara talatin, shi ne na farko da ya tambaya. Har yau in na tuna sai in ji kaina ya ƙara girma.