Jajayen Haƙoran Inna

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna, babbar 'yata ta ce in ba ta hoton kakarta guda ɗaya, a wanke mata babba ta kafa a ɗakinta. Na ce ai wannan ba abin wahala ba ne, na ɗauko waya na fara dubawa. Hotunan Inna da nake da su duk na ranar bikin ita wannan 'yar tawa ne. Na duba na farko, na duba na biyu, na kai ƙarshe na sake dawowa. Tsohuwa ce dai zaune cikin leshi, fuska fes, baki a rufe gam kamar wadda za a yi wa allura. Kamannin Inna ne, amma ba Innar da ta haife ni ba ce. Tawa ba ta iya zama baki rufe, kuma in ta yi dariya sai haƙoran nan sun fito jawur. Kuma na san dalilin da ya sa bakin yake rufe a hotunan, don ni na rufe shi.

Inna ta tashi a lokacin da jan haƙori shi ne ado. A ƙauyenmu da ke gefen Gagarawa, kowace mace mai ji da kanta tana da 'yan tsirai na taba a bayan ɗaki, inda ruwan wanka yake gangarawa. Ba don ganyen ake shuka su ba, don furen ne. In an yi la'asar sai Inna ta baje tabarma, ta ɓare goro ta jefa a baki, ta tsinko fure tana goga wa haƙoranta a hankali tana hira, har su rine. Daga nan ta zizara kwalli daga tandunta na fata, in da biki ta ɗiga baƙin ruwan katambiri a kumatu, ta murza man shanu a ƙafa. Kwalliya ta ƙare ke nan. Mahaifinmu, mutumin da ko da jariri ba ya wasa, ya taɓa faɗa da bakinsa cewa dariyarta ya hango a kasuwa ya manta abin da ya je saye. Duk sanda aka tuna maganar sai Inna ta ce ƙarya yake yi, tana faɗa tana ƙara buɗe haƙoran.

Ni kuwa makaranta ta kai ni Gumel, can na ga hoda a gwangwani da gazal da jan baki. Ranar Alhamis in wata ta je Maigatari sai mu ba ta sautun turare da mai na tsallaken iyaka, mu zauna muna shinshina kwalba kamar ba mu taɓa jin ƙamshi ba. Katambiri ya zama abin dariya a wurinmu, fure kuwa ba a ma maganarsa. Muna dirje haƙora da buroshi har dasashi ya yi jini, don fari ake so. Da na fara koyarwa sai ga yayin man canza fata, wasu abokan aikina suka koma jajaye a fuska, gaɓoɓin yatsu kuwa suka ƙi bin umarni. Ni ban shafa ba, kuma na daɗe ina yi wa kaina kirari a kan haka, wai ni mai riƙo da asali. Ashe nawa gwajin yana gaba.

Ranar bikin 'yar tawa aka kawo mai kwalliya, yarinya ce 'yar garin nan da ta koyo sana'ar a Kano. Ta shigo da akwati kamar na bakanike da wata fitila mai zagaye. Ta shafe kusan awa uku a kan fuskar amarya, shafa wannan, goge wancan, manna gashin ido, zana gira. Da ta gama ni kaina sai da na ƙura ido kafin na gane 'yata. Inna ta leƙo ta riƙe haɓa.

"Ina kuka kai min jikata? Wannan Balarabiyar kuma daga ina?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. 'Yan mata suka kama ta suka ce ita ma sai an yi mata. Ta zauna kuwa, ta miƙa fuska, tana tsokanar mai kwalliyar wai ta yi a hankali kada ta shafe mata tsagar gado. Tana cikin dariyar nan na hango mata biyu daga dangin ango, 'yan birni, sun dubi bakinta sun dubi juna. Iyakar abin da na gani ke nan. Har yau ban san ko haƙoranta suke kallo ba. Amma wata kunya ta lulluɓe ni, kunyar uwata, a gidana, ranar farin cikina. Na ja hannunta zuwa bayan ƙofa.

"Inna, don Allah in za a ɗau hoto ki ɗan rufe bakinki. Yanzu ba a yayin wannan jan haƙorin."

Ta dube ni jim, hodar da aka shafa mata ta kwanta cikin tamojin fuskarta. Ta ce, "To." Na koma cikin hidima har ina jin na yi dabara. Magana zarar bunu, na sani tun ina yarinya, amma ranar ban tuna ba.

Shekara biyu ta yi a duniya bayan nan. Nakan je gida jefi-jefi, kullum a gaggauce, in ga ta rage surutu in ce tsufa ne.

To tun daga ranar da 'yata ta nemi hoton zama ya gagare ni. In na shiga aji ina rubutu a allo, hankalina yana kan wayar wa zan duba. Na fara da ƙanena a nan Gumel, ya ce shi hoton katin zaɓenta kawai yake da shi. Na hau mota zuwa Maigatari wurin 'yar kawunmu, wadda yanzu ita ma shagon kayan kwalliya gare ta, kwalabe har rufi. Na tsaya a tsakiyarsu ina latsa wayarta, tana tambayata me nake nema haka kamar an yi min sata. Na ce hoto mai kyau. Ta nuna min na bikin, ta ce ai ga masu kyau nan, Inna ta fito kamar Hajiyar birni. Saura kaɗan in zage ta, alhali ba ta yi min komai ba.

Sati na zagayowa na tafi ƙauye. Matan gidan suka tara min wayoyinsu a kan tabarma, masu fasasshen gilashi da masu cikakken ciki, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Inna daga nesa tana tsince wake, Inna ta juya baya tana alwala. Na zagaya bayan ɗakinta, na tarar babu taba ko tushe ɗaya, yakuwa ce ta cinye wurin. Na buɗe baki zan tambayi yaushe aka cire, sai na ji tsoron amsar na fasa. Wata daga cikinsu ce ta ce in gwada Sule Tankarkar, ai Inna ta je suna gidan ƙanwarta, kuma surukar gidan kullum waya na hannunta tana ɗaukar hoto.

Washegari ko makaranta ban je ba. Na sami ƙanwar tata, Inna ƙarama, a tsakar gida, ta tsufa ita ma, amma bakinta na nan ja yadda na san shi. Da ta yi min murmushin maraba sai na kau da kai. Surukar ta ce tana da bidiyo ma, ba hoto ba, na sunan da aka yi 'yan watanni bayan bikin 'yata. Ta nemo ta miƙo min.

Mata ne cike da tsakar gida, ana ta shewa. Kafin a nuno ta na ji dariyarta daga gefe, ita ce sak, mai ɗan tari a ƙarshe. Wayar ta juyo a hankali ta wuce mai jego, ta wuce tukwane, ta iso kanta. Tana ganin an saita ta, ta yi wuf ta ja gefen mayafi ta toshe bakinta. Idanunta kaɗai suka rage suna dariya. Babu 'yan birni a wurin, babu ni, daga ita sai 'yan uwanta.

Inna ƙarama ta matso tana leƙen wayar ta kafaɗata.

"Kin ga abin da ta koma ko? Tun da ta dawo daga bikinku ta daina fure, ta sa aka tuge tabarta. Wai yara sun ce ba a yayi. Na ce wace marar kunyar ce ta faɗa miki haka? Na tambaya har na gaji, har ta koma ga Allah ba ta faɗa min ba."

Kaji suna ta tsattsage a gefen tabarma.

"Ni ce, Inna."

Ba ta yi salati ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta karɓi wayar daga hannuna ta miƙa wa surukarta, ta koma ta zauna a kan turmi.

"Haba 'yar nan," ta ce. "Ai da kin bar ta ta yi dariyarta."