Abin da Baba ya bari a kan faifan ƙofa

Ranar Laraba mai zuwa Baba zai cika shekara bakwai da rasuwa. Malam Habu mai kayan ƙamshi, haka garinmu ya san shi, ni kuma ni ne Lawal, babban ɗansa, wanda ya tafi Dubai. Daga tagar ɗakina a International City ina hango ƙatuwar kasuwar 'yan China, fitilunta na canza launi ko da rana tsaka. Nakan tambayi kaina, da Baba ya tsaya a ƙofarta me zai ce? Na dai san abin da zai fara yi. Ƙasa zai duba, yana neman faifai.

Labarin faifan ya girme mu duka. Kakan Baba, Barmo ɗan koli, ya yi kasuwancinsa tun kafin zuwan Turawa, lokacin da ake ciniki da kuɗin wuri. Baba ya sha ba mu labarin yadda masu rumfa ke jawo mai saye a wancan zamanin, kamar yadda shi ma aka ba shi. Mahauci ya ajiye mai kalangu. Mai tufa ya samu dogon saurayi ya sa masa riga, ya ce ya je ya yi ta zaga kasuwa yana baza hannu. Mai turare ya kunna kasko ta inda iska za ta kwashi hayaƙin zuwa layin mata. Mai goro ya yayyafa ruwa, ya jera manya a sama. 'Yan koli kuwa su rataye madubi da duwatsun tsakiya a rana, su yi ta zuba wa allura kirari sai ka ce takobi ce.

Barmo yana da i'ina. Kafin ya gama faɗin sunan kanumfari, mai saye ya kai rumfa ta uku. Sai ya samo tasa dabarar. Ya ajiye faifai a bakin rumfa, ya zuba mafi munin abin da yake da shi a kai. In mutum ya tsaya yana yatsina fuska, sai Barmo ya nuna ciki da yatsa. Ba a daɗe ba gari ya gane cewa abin da ke ƙofa shi ne ƙarshen kayansa, duk abin da ke ciki ya fi shi. Doka ɗaya ce da faifan: ba a ɗauke abin da ke kai sai ya ƙare, ko wani abin da ya fi shi muni ya shigo.

Haka aka gada har kan Baba. Ina yaro abin nan kunya yake ba ni, wallahi. Kowane shago ya ƙawata ƙofarsa, mu tamu ƙofar busasshiyar citta ce mai ƙwari. Na taɓa ce masa mutane za su ɗauka mu matsiyata ne. Ya ce mutane ba wawaye ba ne, ni ne dai ban san su ba tukuna.

Da na zo Dubai na samu aiki a wani ofishin kago, masu jigilar kaya, sai na fara aika wa shago kaya. Ranar hutu in tafi Al Ras, in bi layin masu kayan yaji da na turare, in ɗauki bidiyo in tura wa ƙanena Musa, shi kuma ya nuna wa masu saye. A nan na koyi tallar zamani, kuma na iya ta sosai. Na san inda ake tsayawa haske ya daki kaya. Na san buhun da ake buɗewa da wanda ake turawa baya da ƙafa.

Akwai Gwaggo Tabawa. Ba gwaggonmu ta jini ba ce, amma tun kafin a haife ni take sayayya a shagonmu. Ita ke haɗa turaren wuta na kusan duk gidajen garin, da shi take ci, da shi ta raini jikoki huɗu marayu. Wata rana na tura bidiyon itacen sandal mai kyau, wanda ko ba a kunna ba ƙamshinsa ya cika shagon mutumin da ke sayarwa. Musa ya nuna mata. Ya ce min ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in wannan ne na faifai, to na ciki sai Aljanna. Ta ce a kawo mata buhu biyu, ba ta nemi ganin samfuri ba.

Na ji maganar nan da kunnena a saƙon Musa, kuma na fahimce ta. Ta ɗauka abin da na nuna shi ne mafi muni, tunda haka gidanmu ke yi shekara ɗari da ɗori. Kalma ɗaya ta isa in gyara mata. Ban faɗa ba. Da na koma Al Ras, mai shagon ya ce wancan ya yi tsada, ga wani, duk ɗaya ne habibi. Na shinshina, na san ba ɗaya ba ne, farin ice ne aka jiƙa da turare. Na ce ai a ƙauye wa zai bambance? Na sa aka ɗaure.

Musa ne ya ba ni labarin sauran. Gwaggo ta haɗa turarenta, ta cika kwalabe, ta raba wa gidaje kamar kullum. Cikin mako guda kwalaben suka fara dawowa. Ƙamshi na minti biyu, sai hayaƙin murhu mai sa hawaye. Mata suka ce Tabawa ta tsufa ta fara ha'inci. Ta zo shago da kaskonta da garwashi, ta ajiye a gaban Baba, ta jefa guntun icen. Suka zauna har hayaƙin ya kore su waje.

Da la'asar Baba ya kira ni. Bai amsa gaisuwata ba.

"Lawal, wanda ka nuna a waya, na ƙofa ne ko na ciki?"

Na ce, "Baba, a nan ba haka ake yi ba."

Sai ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Maganarmu ta ƙarshe a kan kasuwanci ke nan. Bayan haka in na kira, lafiyata kawai yake tambaya, da zafin garin.

Ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, da sandarsa da ciwon ƙafarsa, yana gaya wa mazan gida su faɗa wa iyalinsu laifin ba na Tabawa ba ne, daga shagonsa abin ya fito. Wasu sun yarda. Da yawa sun riga sun koma wajen wata. Gwaggo ba ta sake tashi a sana'ar ba, ta ƙare tana sayar da ƙuli a ƙofar gida. Sauran icen kuwa Baba ya karɓo, ya kwashe cittar da ke kan faifai, ya zuba shi. Duk wanda ya tambaya mene ne wannan, sai ya ce, "Na ɗana ne, daga Dubai."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce tsohon nan ya tozarta ni a garin da aka haife ni, na ƙi zuwa gida hutun shekarar. Wata tara bayan haka Musa ya kira ni ina kan layin awon kaya, ya ce Baba ya cika. Kafin in samu jirgi an yi kwana uku da rufe shi.

Yanzu kusan kowa a garinmu ta waya yake sayayya, kuma kowa ya san hoto ƙarya yake yi, har an daina fushi. Mutum ya sayi abu, ya zo ba haka ba, ya yi tsaki ya wuce. Ina jin wannan ne zai fi damun Baba, fiye da fitilun da ke gaban tagata. Gwaggo Tabawa ta faɗa ramin nan ne don ta yarda da mu. Jikokinta ba za su faɗa ba, don ba su yarda da kowa ba, kuma da hannuna a cikin koya musu.

Na daina bidiyo. Na je na durƙusa a gaban Gwaggo kafin ita ma ta rasu, ta ce ta yafe, ta kuma tambaye ni ko ana samun ruwan sama a can. Baba ne ban samu na durƙusa wa ba. Bai bar gida mai bene ba, bai bar mota ba. Ya bar shago ɗaya da har gobe tsofaffin garin ke wuce ƙofarsa su shiga ciki kai tsaye, ba sa ko taya farashi. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta.

Bara da na je gida, na tarar da icen nan a kan faifai, ya yi fari da ƙura, ko ƙamshin ƙaryar ma ya gudu. Ba mai saye, don haka ba ya ƙarewa. Na ja Musa gefe na ce don girman Allah ya zubar da shi, shekara shida ai ta isa. Bai ɗaga murya ba, ya dai ci gaba da auna masoro.

"Yaya, ka san dokar. Har yau ba abin da ya shigo shagon nan da ya fi shi muni."