Inda Filin Jirgi Ya Koma Gona

Barking

Da sunan Allah nake farawa. Bayan sallar asuba muka bar gidan ɗana Nasiru a Barking, ni da Alhaji Isaka, mutumin zangon Accra mai gadin wani kanti a Peckham. A wurinmu ya kwana don kada mu makara. Aikin ido ne ya kawo ni London, an yi, an dace, kuma abin da na fara roƙo in gani da sabon idon shi ne wani tsohon filin jirgin yaƙi.

Ga dalili. Lokacin yaƙin duniya na biyu, ina ƙarami, aka auna gonar mahaifinmu a gefen Kano, aka haɗa ta da filin da jiragen Amurka masu dakon kaya ke sauka su sha mai su wuce gabas. Baba ya ɗauki abin a matsayin aron gona irin wanda muka sani: mai aro in ya gama bukatarsa, ya mayar wa mai ita. Don haka ya ajiye irin kaurar gonar. Kowace damina sai ya shuka ta a ɗan fili bayan gida, da kaka ya ware zangarniya mafi kyau ya rataye a ɗaka. Yaƙi ya ƙare, baƙi suka tafi, filin jirgi ya yi ta girma. Baba ya rasu, muka ci gaba da shukar. Bana ƙanena Sale ya ce a gina shaguna a ɗan filin nan. "Yaya," in ji shi, "a ina ka taɓa jin jirgi ya mayar da gona?" Na ce ya bari in dawo.

Ran wata Juma'a na ba Isaka wannan labari a ƙofar masallaci. Ya ce shi ya ga filin jirgin da ya koma gona da idonsa a nan Ingila, lokacin da yake bin motar kai kaya arewa. Na ce to sai ka kai ni.

King's Cross

Tube muka shiga, jirgin ƙarƙashin ƙasa, babu kowa sai masu shara da ke komawa gida. A tashar jirgin ƙasa ta King's Cross Isaka ya ce, "Malam, na yi booking, kada ka tsaya gaishe da mutane. Jirgin nan bai san Alhaji ba." Na rubuta sunan tashar da za mu sauka da ajami a bayan tikitina, don in mun rabu kada in wuce. Ya sayo mana shayi a kofin takarda, ba citta ba kanumfari. Na sha don zafinsa.

Da muka fita daga cikin gidaje sai gonaki, alkama ta nuna jawur har iyakar gani. Hannuna na cikin aljihu, inda na ƙulle 'yar kaurar Baba a tsumma. Ban san me ya sa na taho da ita daga gida ba.

Grantham

Da hantsi muka sauka. Mai tasi ya ji inda za mu, ya juyo ya dube mu, ya yi magana.

"Ya ce ba komai a can," in ji Isaka. "Ya ce gona ne kawai."

"Ce masa ita muka zo gani."

Muka bi siririyar hanya tsakanin shingayen itatuwa. Ya sauke mu a bakin wata ƙofar katako, ya ce zai dawo da la'asar.

A gonar

Abin da ya rage na filin kaɗan ne. Akwai wani gini mai hawa biyu, tagoginsa duk sun fashe, inda ake tsayawa a ba jirage izinin sauka. Akwai guntun titin siminti da ciyawa ta tsattsage, an jibge damman haki a kai. Saura duk alkama. Na daɗe a tsaye. Ƙarar jiragen nan masu farfela biyu ta dawo mini a kunne, da Baba a bakin wayar da aka kewaye filin Kano da ita, fartanya a kafaɗa, yana nuna mana inda ɗorawarmu take da.

Wani dattijon Bature ya fito daga bayan damman, kare na biye da shi. Na ɗaga hannu na ce sannu da aiki, Isaka ya juya masa da Turanci. Mai gonar ne. Ya ce ta ubansa ce, an karɓa lokacin yaƙi, daga nan jiragen Amurka ke tashi da kaya da sojoji. Bayan shekaru aka fasa simintin aka kwashe, aka mayar musu. Uban bai ga ranar ba.

Na ce a tambaye shi ko ƙasar ta farfaɗo. Ya kai mu cikin alkamar ya nuna wani dogon layi inda ta fi gajarta. Ya ce nan ne titin, har yau garma na tono ƙarfe da tsakuwa, amma tana bayarwa. Na durƙusa na damƙi ƙasar na sansana. Da ranta.

"Ka gani, Malam?" in ji Isaka. "Gona ya dawo."

Na ce, "Tambaye shi, wannan irin na ubansa ne?"

Baturen ya yi dariya. Ya ce kowace shekara a buhu yake saye. Irin ubansa kuwa, wa zai ajiye iri ba gona? Ya ɓace tun kafin a gama yaƙin. Dariyar ta tsaya, ya ce ya dai tuna alkamar ubansa ta fi wannan tsawo, yana shiga ciki a neme shi a rasa.

Na kwance tsumman na zuba masa a tafi. Isaka ya yi masa bayani, ya daɗe yana yi. Mutumin ya murza ƙwayar da yatsa, ya ɗauki ɗaya ya gasa mata haƙori, daidai yadda Baba ke yi. Ya tambaya shekara nawa. Na ce tun yaƙin, ba damina ɗaya da aka tsallake. Ya cire hularsa ya riƙe.

"To ku haɗa jari mana," in ji Isaka. "Shi ƙasa, kai iri."

Na ce, "Alhaji, ko ni sanyin nan ya kusa kayar da ni, balle dawa."

Duk da haka Baturen ya roƙi 'yan ƙwayoyi, ya sa a aljihun gaba. Muka nemi izini muka yi azahar a gefen alkamar, na sa goshina a inda titin yake da. Na yi wa Baba addu'a, na daɗe ban ɗago ba.

Komawa

Mai tasi bai saɓa ba. Muka iso Barking bayan magariba, matar Nasiru ta ajiye mana tuwon semo da miyar kuka. Washegari Nasiru ya buga waya gidan maƙwabcinmu, aka kira Sale.

"Yaya, ka ga filin?"

"Na gani."

"To tamu za ta dawo?"

"Allah ne masani. Shagunanka ka gina su ta bakin titi, bayan gida kada ka taɓa. In kaka ta yi ban iso ba, ka ware zangarniyar ka rataye."

Godiya ga Alhaji Isaka da ya bar hutunsa ya yi mini jagora da tafinta, godiya kuma ga Allah da ya mayar mini da ido, ya kai mu ya dawo da mu lafiya.