Tafkin Ikko Da Ruwansa Mai Sauya Ɗanɗano

Ana sallame sallar asuba muka bar Aliero a gaban tirelar albasa, ni da ƙanena da direba. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Ƙanen nan nawa ya je Ikko da daminar bara, ya ga wani fili a bakin ruwa wajen Ikorodu, ya dawo ya dage sai mun sayar da fadamar da muka gada a Dangamaji ya koma can da noman rani. A cewarsa ruwa ga shi har iyakar gani, kasuwa kuma a ƙofar gida. Mahaifiyarmu ta ce in je in gani da idona kafin kowa ya sa hannu a takarda.

Muka wuce Jega mahauta na hura wuta, muka bi ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri. Daga Kontagora hanya ta fara nuna halinta, rami na miƙa mu ga rami. A Mokwa muka ci doya da ƙwai, kuɗin faranti ɗaya ya isa mutum biyu su ƙoshi da tuwo a gida. Bayan gadar Jebba ƙasa ta yi ta ƙara kore, har muka shiga Ikko a rana ta uku, tufafinmu duk warin albasa.

Da aka sauke kaya, muka nufi bakin ruwan da hantsi. Na taso kusa da gulbi, amma ban taɓa ganin ruwa kwance haka ba, faɗinsa ya haɗe da sama, ga shi shiru ba igiyar ruwa. Na ɗauka teku ne. Wani dattijo mai kwalekwale, Bayarabe da ya yi shekaru yana fataucin kifi a Yawuri har Hausa ta zauna a bakinsa, ya ce a'a, tafki ne. Teku na can kudu, wani dogon zirin yashi ya raba su, sai ta kafa ɗaya suke haɗuwa, inda manyan jirage ke shiga.

Ya ɗauke mu muka shiga ciki. Da sandar tuƙinsa yake nuna mana: ta arewa kogin Ogun ke zubowa, ka yi gabas ka bi ta Epe ka faɗa wani tafkin, na Lekki, ka yi yamma ta ƙananan mashigai sai Badagiri, har ƙasar Benin ba ka taka tudu ba. Muka kutsa wani lungu inda itatuwa ke tsaye a ruwa bisa saiwoyinsu, ƙaguwa na ta hawa da sauka a jikinsu. Ga gidaje bisa turaku, mata na tuƙa jirgi da tukwanen abinci suna talla ƙofa ƙofa. Wasu maza na nutsewa da bokiti su fito da yashi. Na yi ta tasbihi a zuciyata.

Da muka zo daidai filin, na ɗebi ruwa a tafin hannu na kurɓa. Ban san lokacin da na furzar ba. Dattijon ya yi dariya har jirgi na rawa.

Ƙanena ma ya ɗanɗana, ya ɓata fuska. "Wallahi Yaya, ruwan ga ba haka shike ba da na zo."

"Yaushe ka zo, ɗana?" in ji dattijon.

"Da damina, Baba."

"Ai shi ke nan. Da damina koguna ke da ƙarfi, su kore gishiri. Da rani, kamar yanzu, su ja baya, teku ya turo nasa. Ko rijiyar bakin nan gartsi take yi. Mu kifi ya koya mana, kowane lokaci da irin wanda ke shigowa."

Wato daidai watannin da albasa ke neman ban ruwa, lokacin ne ruwan ke zama na gishiri. Dattijon ya juya jirgi muka fito. A gaɓa matar dattijon ta gasa mana kifi da barkono, ta ƙi karɓar ko kwabo. Sai da ƙanena ya cinye nasa ya ce, "A bar maganar fadama."

Muka biyo wata motar da ta ɗauko kayan masarufi zuwa Jega. La'asar ta yi mana a gida, muka tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ƙanena ya durƙusa ya faɗa mata komai da bakinsa, bai rage ba. Abin da na ƙaru da shi, wuri ba ya sanuwa da zuwa ɗaya, kuma mutanen da ke kwana a bakin ruwa su ya kamata a fara tambaya. Washegari da sassafe na ji shi yana neman wanda zai gyara injin ban ruwanmu.