Godiyar da Yayana Ya Ƙi Karɓa

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da Turanci a Isa, kuma wallahi na gaji. Alli ya cinye mini yatsu, murya ta dushe. Ka yi ta bayani tun safe, ka juyo ka tarar rabin aji na hamma, sauran rabin kuwa iyayensu sun kwashe su sun yi Sakkwato saboda 'yan bindiga. Abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne ajin manya da nake yi bayan la'asar. Akwai 'yan kasuwa, akwai wata unguwarzoma, da wani dattijo Bafillace da ke son ya riƙa karanta takardar maganin shanu da kansa. Su dai da ƙafarsu suke zuwa, ba koro su anka yi ba.

A littafin da muke bi akwai darasi a kan yadda za ka yi godiya ga mutanen da sunka gina rayuwarka. Littafin ya ce kada ka yi ta a dunƙule. Ka je gaban mutum, ka dube shi ido cikin ido, ka faɗi ainihin abin da ya yi maka, ka faɗi inda abin ya kai ka. Kowace shekara ina rubuta jimlolin a allo, su maimaita, in gyara musu harshe, mu tashi. Ban taɓa ɗauka abin ya shafe ni ba.

Rannan sai unguwarzomar nan, wadda bakinta ba ya mutuwa, ta ɗaga hannu.

"Malam, kai wa ka taɓa yi ma irin wagga godiya?"

Aji ya kwashe da dariya. Na ce mata ta dubi littafinta. Dattijon kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu dai ba mu yi ma namu haka. Bare aka yi ma. Shi ma sai ka aiki wani ya taya ka."

Na ce masa ai shi ya sa muke baya. Kai, bakina! Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Amma tambayar matar nan ta bi ni gida, don akwai wanda ban taɓa ce wa na gode ba, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. A ƙauyen Unguwar Lalle anka haife mu, tare anka sa mu firamare, kuma ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Shi ke zana mini haruffa a ƙasa da tsinke. Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifinmu, gona ta rasa mai riƙe ta. Ba a yi taro ba, ba a yi shawara ba. Da safe kawai na ga Yaya ya rataye jakar littattafansa a bango, ya saɓa hauya, ya ce mini, "Kai tai makaranta." Iyakar maganar ke nan. Daga ranar, rabona na aikin gona shi ke yi, tun daga sharar gona har ɗaurin dami. Da na sami sakandare a Isa, a bayan kekensa ya kawo ni, ya ajiye ni bakin ƙofa ya juya.

A lokacin da nake ba da labari Yaya ba ya ƙauye. Gonarmu ta daina zuwuwa saboda 'yan bindiga, ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin Sabon Birni, ɗaki biyu a gidan surukinsa, yana noma 'yar gonar aro a bakin gari. Ni kaɗai ne nasa da ya rage kusa, duk mako biyu ina leƙa shi. Ni kuma akwai takarda a aljihuna wadda daga ni sai matata munka san da ita. Canjin wurin aiki na nema zuwa Sakkwato, kuma an ba ni. Kwana goma ina yawo da ita, na rasa bakin da za ni gaya masa za ni tafi in bar shi cikin wannan hali. Sai na ce wa kaina, bari in je in yi masa godiya yadda littafi ya ce, ai ya cancanta. Maganar takarda kuwa, in hali ya yi. Haka na yaudari kaina.

Ranar Asabar na zuba babbar riga, na shiga motar Sabon Birni. Na same shi gindin dogon yaro a ƙofar gida yana gyaran ƙotar kalme, wato fartanyarsa. Ya dubi rigar. Munka gaisa, matarsa ta aiko da fura. Maimakon in zauna gefensa kamar kullum, sai na jawo tabarma na fuskance shi.

"Yaya, zuwa na yi in yi maka godiya."

Na fara jerowa. Haruffan ƙasa, hauya, keke. Da Turanci na tsara maganar a mota, ina juyo ta Hausa tana fitowa sandararriya, ni kaina ina jin ba daɗi, amma na ci gaba. Na ce duk abin da na zama shi ne sila. Hannunsa ya tsaya a kan ƙotar.

"Mi likita yac ce maka?"

"Wane likita? Lafiyata lau."

"To, in ba mutuwa za ka yi ba, tahiya za ka yi."

Na ce, "Haba Yaya, mutum ba ya gode wa ɗan'uwansa sai da dalili?"

"Mutum ba ya sa babbar riga ya zo ya jera ma ɗan'uwa nai alheri sai in bankwana yaz zo yi. Ɗan ƙwadago aka yi ma haka. In rana ta hwaɗi a ce an gode, a sallame shi. Ni ɗan ƙwadagonka na?"

Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran wanda anka kama. Na ɗaga murya, na ce ai duniya ta ci gaba, ko addini ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ya bar ni na gama. Sai kawai ya miƙo hannu. Ban san yadda anka yi ba, na ga na zaro takardar na ba shi.

Mutumin da ya bar makaranta tun aji huɗu, ya sa yatsa yana bin layin Turanci a hankali, leɓɓansa na motsi. Ban taimake shi ba, ba ni da fuskar. Ya kai ƙarshe, ya ninke ta yadda take, ya maido mini.

"Da cewa kay yi, Yaya za ni Sakkwato, da na ce Allah shi kiyaye hanya. Kana da ɗiya, wa zai hana ka? Mi ya kawo zancen hauya? Ni gidanmu na noma ma. Ban san na yi ma wani baƙo aiki ba sai yau."

Ya ɗauki kalmensa ya nufi gona. Na zauna ni da kwanon furar da ban taɓa ba, har matarsa ta leƙo ta ce ko in shigo daga ciki. Na ce a'a, mota za ta bar ni.

Mako uku in na kira shi a waya sai dai gaisuwa, lahiya lau, lahiya lau, ya kashe. Barci ya gagare ni, abinci ba ya shiga. Rannan da anka tashi aji na tsayar da dattijon nan, na kwashe komai na gaya masa. Bai ce ai na faɗa maka ba, ko da yake da ya faɗa ban da ta cewa. Sai dai ya ce, "Malam, abin da yay yi maka ka ɗaure wuri guda ka maida mai. Yanzu ba godiya za a taya ka ba, haƙuri na." Ranar kasuwar Sabon Birni ya je ya sami Yaya. Da ya dawo na tare shi tun bakin ƙofa. Ya ce, "Ya ce ya ji." Ban sami fiye da haka ba.

Ranar tafiya muna tashar Isa da hantsi, ana ɗora katifu da tukwane a saman bas. Na riga na fid da rai. Sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya, Yaya a baya, rabin buhun gero a kan cinyarsa. Na san abin da gonar aron nan ta ba shi bana, na kuma san bakunan da ke gidansa. Ya ture yaron mota, shi da kansa ya ɗaga buhun, ya ja igiya ya ɗaure. Ya gaisa da matata, ya shafa kan yara. Ni ko kallo ban ishe shi ba.

Na matsa kusa. Idona ya cika, bakina ya buɗe da kansa. Ya juyo ya zuba mini harara, irin wadda yake mini muna yara. Na haɗiye abin da ya taso. Na ɗaga kai na dubi buhun, na ce, "Rabin buhu kaɗai? Wanga ai ko azumi ba ya kai mu."

Fuskarsa ta ɗan saki.

"In ya ƙare ka zo ka ɗauka. Ƙahwarka ba ta karye ba."

Ya hau bayan babur tun ba mu tashi ba, bai waiwayo ba.

Yanzu muna Sakkwato. Yara suna zuwa makaranta su dawo ba fargaba, matata ta yi ƙiba. Hanyar Sabon Birni kuwa sai ƙara lalacewa take da 'yan bindiga, duk wanda ya zo sai ya ce a ɗan dakata tukuna. Geron ya ƙare tun watan jiya. Na wanke buhun na ninke, kullum ina cewa Asabar mai zuwa, kuma har yau ban je ba.