Ƙasar da Kawu ya zaɓo mini

"Wai daga ina ka ɗebo ƙasar nan, Kawu?"

Haka na tambaye shi a waya ɗazu, ina ta safa da marwa a ɗakin gwaji, zama ya gagare ni.

Aikina shi ne fito da tsayayyar hanyar auna sinadarin perchlorate a cikin ƙasa, yadda duk wanda ya bi ta zai samu sakamako ɗaya. Sinadarin yakan fito daga nakiyar fasa dutse, in ya shiga ruwan sha kuma yana iya kawo maƙoƙo. Gonar Kawu a Ibeto tana maƙwabtaka da masu fasa dutse, rijiyarsa ma a gefen take. Sai na roƙe shi ya aiko mini ƙasar wurin zuwa Kontagora.

Na auna, na sake aunawa, ko alama babu. Har na fara zargin hanyar tawa.

A wayar Kawu ya ce, "Haba ɗana, ƙasar da za a kai gaban manyan malamai? Ta gefen dutse duk tsakuwa ce, abin kunya! A gindin gawo na ɗebo maka, inda shanu suka kwana, har na tankaɗe ta."

Ba a ba baƙo abu mara kyau, haka aka rene mu.

Gobe da kaina zan hau mashin in ɗebo. Amma kafin in isa, daga rijiyar nan jikokinsa za su sha.

Ku fa, kara ta taɓa ɓoye muku abin da ya kamata ku gani?