Mai roƙon ruwa da kaka

Bana shekara ashirin ke nan da muka rufe Dauda Bayahude a gabas da Tasawa, kuma in ban da ni, ban san wani mai rai da ya damu da kabarinsa ba. Wurin ya zama gonar wani, hatsi ya kewaye shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake lakwal ɗina, wato boko, ba ta yi nisa ba. Mai neman nahawu ya nemi wani shafi.

Dauda mutumin Maroko ne, mai sayen gujiya tun zamanin Nasara. Ni ne direban kamyonsa, ina kwaso buhuna daga Bawdeta da ƙauyukan Mayahi. Ba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, kuma Hausarsa kamar jaki a kan dutse. Amma ban taɓa ganin ya danne ma'auni ba, abin da ba zan faɗa a kan wasu masu dogon carbi ba.

Gidajen Yahudawa kaɗan ne, wasu a Maraɗi, wasu a Damagaram. Duk kaka sai su taru gidansa don sallarsu ta rumfa. Ni nake kawo karan hatsi, a kafa rumfa a tsakar gida, a bar rufin da ɓula yadda za a hangi sama. Mako guda a ciki suke cin abinci. Ranar rufewa kuma su tsaya su roƙi ruwa.

Ruwa, da kaka! Gujiya tana shanye a gonaki, kowa yana kallon gabas da fargaba. Na ce masa: "Haba maigida, in Allah ya amsa maka yau, ni da kai mun ci ƙasa." Ya yi dariya ya ce: "Direba, kanka kamar tayarka. Kakannina sun roƙa a irin wannan rana a ƙasashen da aka kore su, ni ma ina roƙo. Wanda ya roƙi ruwa da kaka ya yarda zai ga damina."

Da aka sami 'yancin kai, gwamnati ta karɓe cinikin gujiya, mutanensa suka fara ɗaure kaya. Sallarsa ta ƙarshe maza huɗu ne a rumfar, alhali babbar addu'arsu sai da goma. Ɗansa ya roƙe shi su tafi Faransa, ya ƙi. Da na zo kwance rumfa ya ce in adana itacen, baɗi mazan za su cika goma. Ban gaya masa gaskiya ba, na jingine su a zaure. Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin a yi shuka. Ba a sami masu yi masa addu'arsu ba. Mu direbobi da 'yan dako muka haƙa kabarin, ɗansa ya karanta abin da ya iya, ya hau mota, ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga Tasawa ta yau. Fari ya zo ya cinye gujiya, rumbunan da muke tara buhuna sun zama makwancin awaki. Mu da muke masa dariya mun fita bayan gari mun yi roƙon ruwa har muryoyi suka dushe. Na san ba zai ce na gaya maku ba. Zai tambayi wa ke da iri. Wannan hali nasa shi ke ba ni haushi har gobe, don ni ban gaje shi ba. An ce in da rai da rabo, ni dai na ga rai, rabon ne ya yi nawa.

Me ya rage na Dauda? Ba gida, ba jika, ba mai kiran sunansa. Tudun ƙasa ne da 'yan duwatsun da na ɗora, don ya taɓa gaya mini su dutse suke ɗora wa mamaci. Na sami mai gonar, na ce mutum ne kwance a nan. Ya ce ba Musulmi ba ne. Na ce ƙasa ba ta tambaye shi ba da ta karɓe shi. Sai ya ce zai bar wurin ba noma muddin ina zuwa.

To ina zuwa. Gwiwata ta fara ƙi, ɗiyana kuma sun ce ba ruwansu. Wanda ya karanta wannan, in yana da ƙafa, ya tambayi tsohon direba a tashar Tasawa, in kai shi tun ina iyawa.